Robar babur ɗin daji ta koɗe: mai, wuta ko samfefa?

Malamin Gona:

Assalamu alaikum, 'yan uwa na wannan zaure. Ni malamin gona ne, aikina yana kai ni ƙauyukan da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram kusan kowace rana, a kan wani jan Honda XR150L da na saya shekara biyu da rabi da suka wuce. Injinsa lafiya lau yake, domin ban taɓa wasa da juye ba, amma robar jikinsa ta fara damuna ƙwarai. Madigadin gaba, wanda yake ɗaukar ido ranar da na fito da babur ɗin daga shago, yanzu ya koma wani launi tsakanin ja da fari, kuma idan na goga yatsa a kansa sai wani farin gari kamar alli ya biyo yatsan. Robobin gefen tanki kuwa sun cika da siraran zane-zane waɗanda ba a ganinsu sosai sai rana ta haska su ta gefe.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ban yi sakaci da shi ba. Kowace safiya kafin in fita ina goge masa ƙura da tsumma, duk ranar Asabar kuma ina wanke shi da omo da soson buhu, ko in kai shi wurin masu wanki, su kuma idan sun gama sai su shafe robar da baƙin mai da aka sirka da kalanzir. A ranar yakan yi sheƙi kamar sabo, amma kafin in dawo daga ƙauye washegari ya fi da muni. Ina roƙon masu sani su nuna mini inda na kuskure, su kuma gaya mini ko akwai hanyar da launin zai dawo ba tare da na sayi sabuwar roba ba.

Usta Bakanike:

Wa alaikumus salam, Malam. Na fi shekara ashirin ina gyaran irin waɗannan babura, tun lokacin da Yamaha DT125 da AG200 suka cika hannun ma'aikatan gona da na lafiya, kuma maganin wannan koɗewar da na sani shi ne zafi. A kwance robar, a wanke ta tas, a bar ta ta bushe, sannan a bi ta da na'urar hura iska mai zafi, ana kaɗa hannu ba tare da an tsaya wuri ɗaya ba. A gaban idonka za ka ga farin yana ɓacewa, jan yana tasowa kamar an zuba masa ruwa. Madigadi ɗaya ba ya cin minti goma. Ka kawo mini shi idan hanya ta biyo da kai, ko ka sa wani bakanike mai natsuwa ya yi maka, amma kada ka yarda yaro ya yi da wutar walda.

Malamin Kimiyya:

Allah ya ƙara basira, Usta. Kafin a kai ga zafi, ina ganin ya kamata Malam ya san irin robar da ke hannunsa, domin abin da yake gyara wata roba shi ne yake kashe wata. Malam, ka kwance madigadin ka duba cikinsa, za ka tarar da wasu haruffa da aka buga tun daga masana'anta. Idan ka ga PP, to folifurofilin ce, kuma da ita ake yin yawancin madigadi da murafen gefe na baburan daji, saboda tana lanƙwasawa ta dawo idan babur ya faɗi, ba ta tarwatsewa. Idan ka ga ABS, wannan roba ce mai tauri wadda aka fi sa wa baburan cikin gari irin waɗanda muke kira roba-roba, kuma galibi fenti ne a samanta. Launin PP kuwa a cikin jikinta yake, an cuɗa shi da ita tun tana narke, don haka jan da kake nema yana nan a ƙarƙashin farin, bai je ko'ina ba.

Farin garin da yake bin yatsanka robar ce da kanta ta ruɓe daga sama. A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda masana suke kira UV, shi ne yake haɗuwa da iskar oksijin yana tsittsinka dogayen sarƙoƙin sinadarin da suka riƙe robar. Masu ƙera ta suna zuba mata magungunan kariya, amma waɗannan suna ƙarewa a hankali, kuma ranar ƙasarmu tana gaggauta ƙarewarsu. Fatar da ta mutu siririya ce, ba ta kai kaurin farce ba, sai dai ta yi kaushi da ƙananan tsage-tsage, shi ya sa haske yake warwatsewa a kanta maimakon ya dawo wa ido da sheƙi. Baƙin mai yana cike waɗannan ramukan na ɗan lokaci, sai a ga ƙyalli, alhali matacciyar fatar tana nan daram.

Zafin da Usta ya ambata yana narka saman robar ne ya haɗe tsagogin, kuma gaskiya ne launin yana dawowa nan take. Damuwata biyu ce. PP tana narkewa a wajen digiri 160 zuwa 165 na ma'aunin Salsiyos, ita kuwa na'urar hura zafi tana iya wuce digiri 500, saboda haka tsakanin sheƙi da ƙuna 'yan daƙiƙoƙi ne kawai. Sannan abin da aka narka ɗin ruɓaɓɓiyar roba ce wadda kariyarta ta riga ta ƙare, shi ya sa farin yakan dawo bayan 'yan watanni, wani lokaci ma dabbare-dabbare, kuma idan aka yi ta maimaitawa robar takan yi gautsi.

Ɗan Agadas:

Salamu alaikum. Daga Agadas nake rubutu, inda mai moto yake kwana da ƙura ya tashi da ita. Malam, tun daga farkon bayaninka na gane inda gizo yake saƙa, wato tsumman nan da kake gogewa da shi da safe. Ƙurar da take sauka a kan babur ba gari ba ce mai laushi kamar yadda take a ido. Yawancinta yashi ne niƙaƙƙe, kuma ƙwayoyinsa sun fi roba tauri nesa ba kusa ba, har gilashi suna karcewa. Da hunturu ga hazon da iska take kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ga kuma ƙurar hanyar burji da kake bi. Idan ka ɗora busasshen tsumma a kai ka murza, samfefa ka yi da hannunka, kuma ka yi ta kusan kowace safiya har shekara biyu da rabi. Siraran zanen nan na gefen tanki daga nan suka fito.

Mu nan ruwa yana da tsada, amma ba ya hana a yi abin daidai. Ina huda murfin gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi da allura mai zafi wuri biyar ko shida, in matsa ta a kan robar daga sama zuwa ƙasa har ƙurar ta gangare da kanta, ban taɓa ta da hannu ba. Sai bayan haka nake sa tsumma, shi ma jiƙaƙƙe kuma mai laushi, tsohuwar singiletin auduga ta isa. Ranar babban wanki ina ajiye bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye tsumma, domin yashin da tsumman ya kwaso ya zauna a ƙasan na biyun, kada in mayar da shi kan babur. Ranar da babu ruwa kwata-kwata, gara in hau shi da ƙurarsa da in goge shi a bushe.

Wani abu kuma, kada a wanke shi a tsakar rana, domin ruwan rijiya ko na burtsatse idan ya bushe a kan roba mai zafi yana barin fararen tabo. A kai shi inuwa, injin ya huce, a gama a tsane shi.

Mai Wankin Babura:

Ina neman afuwar iyayena da yayyena na wannan zaure, domin sana'ata aka taɓo, kuma ina so a ji ta bakinmu. Ba don mugunta muke shafa baƙin mai ba. Mai babur idan ya zo karɓa bai ga roba tana walƙiya ba, cewa yake yi ba a wanke ba, wani har kuɗin yakan rage, gobe kuma ya wuce wurin na gaba da kai wanda zai shafa masa. Man feshi na gwangwani da ake sayarwa, kuɗin guda ɗaya ya fi abin da nake samu a wankin babura da yawa. Omo kuwa, na gwada sabulun ruwa, amma jar ƙasar marmara idan ta kama farar roba ba ta jin maganarsa. Baba Malamin Kimiyya, don Allah a fayyace mini: shin omo ɗin ne yake cin robar, ko kuwa wani abu ne daban?

Malamin Kimiyya:

Tambayarka ta yi kyau, ɗana, kuma zan ba omo haƙƙinsa. Ba ya cin PP. Bokitin da kake dama shi a ciki ma mai yiwuwa da irin wannan robar aka yi shi, kuma ga shi nan bai narke ba. Ɓarnar tana zuwa ta wasu hanyoyi. Ƙwayoyin da ba su gama narkewa ba suna gurzar robar, soson buhu yana riƙe yashi a cikin saƙarsa, kuma idan ba a ɗauraye da kyau ba, gishirin da ke cikinsa yana bushewa ya bar fari, ya kuma dusashe alminiyon ɗin gargare da na jikin inji. Idan dole sai da shi, ka dama kaɗan a ruwa mai yawa har ya narke sarai, ka yi amfani da soson katifa mai laushi, ka ɗauraye tun bai bushe ba. Jar ƙasa kuma tsatsar ƙarfe ce take ba ta launi, tana maƙalewa ne a cikin zanen da aka riga aka yi wa robar, don haka jiƙa ta na minti biyar zuwa goma da ruwan sabulu ya fi murza da ƙarfi amfani, sannan a bi lungunan da tsohon burushin goge baki.

Baƙin mai kam ba ni da abin da zan kare shi da shi. Akwai toka da garin ƙarfen inji a cikinsa, yana riƙe duk ƙurar da ta sauka, sai ya zama kamar man wasa wuƙa a kan robar idan mai babur ya goge washegari. Kalanzir yana shiga ƙarƙashin sitika ya saki gam ɗinta. Abin da ya fi damuna ma kai ne, domin likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa yawan cuɗanyar fata da man da inji ya riga ya ƙona yana iya jawo ciwon dajin fata, kai kuwa hannunka a cikinsa yake wuni.

Hajiya Mai Kula da Babura:

Assalamu alaikum. Ni ba na hawa, amma a wurin aikina ni ce nake riƙe da rajistar baburan da ma'aikatanmu suke shiga ƙauyuka da su, kuma ina so in ƙara wani abu da ba a taɓo ba, wato inda man sheƙin yake zuwa bayan an shafa shi. Bara waccan da damina wani ma'aikacinmu ya karɓo babur daga wanki, an fesa masa mai tun daga madigadi har kushin, kuma feshin ya sauka a kan faifan birkin gaba. Da ya zo gangaren wani rafi ya matsa birki, birkin bai kama yadda ya saba ba, shi kuma ya zame a kan kushin ya tafi gaba har kan tanki. Allah ya taƙaita, gwiwa ce kawai ta gurje, amma akwatin maganin da yake ɗauke da shi ya fashe, aikin ranar ya tashi. Da bakanike ya kwance takalmin birkin na riƙe shi a hannuna, santsi yake kamar an tsoma shi a miya, kuma cewa ya yi wanki ba zai fid da shi ba, sai dai a sake sabo.

Tun daga ranar na sa aka rubuta a jikin bango cewa babu wani mai ko man feshi da zai taɓa birki, taya, kushin, robar hannu da matakin ƙafa. Wanda yake son robarsa ta yi ƙyalli ya fesa a tsumma, ya juya wa babur baya yayin feshin, sannan ya shafa da hannu. Haka kuma na hana a kusanto da bakin injin wanki mai ƙarfi kusa da boris, sarƙa da gefen sitika, kuma a toshe bakin salansa kafin a fara, domin mun yi asarar boris da yawa ta wannan hanyar kafin mu gane.

Usta Bakanike:

Hajiya ta faɗi gaskiya, na canja takalmin birki da yawa saboda wannan. Amma Malam mai kimiyya, ina so in koma kan maganar zafi, domin ban gamsu gaba ɗaya ba. Akwai baburan da na yi wa shekara guda ke nan, kuma har yanzu da sauran launinsu. Sannan idan babur ya faɗi madigadi ya lanƙwashe, wani farin layi yakan fito a wurin lanƙwasar, wanda babu samfefar da za ta cire shi, amma da na hura masa zafi kaɗan sai ya ɓace. Wannan fa me za ka ce a kansa?

Malamin Kimiyya:

A wannan na sallama maka, Usta, kuma na gode da ka tuna mini. Wannan farin layin ba aikin rana ba ne. Idan aka lanƙwasa robar fiye da ƙima, ƙananan kofofi ne suke buɗewa a cikin namanta, su ne suke bayyana fari, kuma zafi mai sauƙi yana rufe su. A nan zafi shi ne maganin da ya dace. Game da waɗanda suka yi shekara da launinsu, ina kyautata zaton masu su suna ajiye su a inuwa, kuma hannunka ya san gwargwado, abin da ba kowa yake da shi ba. Abu ɗaya ne ba zan sassauta a kansa ba: kada a kusanto da zafi ga tanki. Tankin Malam na ƙarfe ne, amma baburan tsere da yawa tankinsu na roba ne, irin wadda ake buga wa PE, kuma tururin fetur yana ratsa jikinta a hankali, shi ya sa take komawa rawaya, sitika kuma take kumbura a kanta. Ko an juye man, tururin yana nan a ciki.

Baban Amira:

Assalamu alaikum daga Ingila. Ina hawan KTM a filayen tsere na taɓo a ƙarshen mako, kuma na farfaɗo da tsofaffin robobi ba sau ɗaya ba, don haka bari in ba Malam hanyar da ta fi daɗewa a hannuna, ko da yake tana cin lokaci da ƙarfin kafaɗa.

Ka kwance madigadin ka wanke shi. Ka ɗauki sabuwar reza, ka tsayar da ita a tsaye a kan robar, ba a kwance kamar mai yanka ba, ka riƙa jan ta a hankali tana kankare farin. Za ka ga garin yana zuba, jan yana fitowa a ƙarƙashi. Idan ka gama sai ka koma ga samfefar ruwa, irin wadda masu fentin mota suke amfani da ita, akwai lamba a bayan kowace. Ka fara da 400 idan zanen ya yi zurfi, ko 600 idan bai yi ba, sannan 800, 1000, 1500, ka ƙare da 2000. Ka riƙa tsoma ta a ruwa mai ɗan sabulu kowane lokaci, kuma duk sa'ad da ka canja lamba ka canja fuskar da kake gogawa, domin ka iya ganin ko zanen ta baya ya ɓace. Kuskuren da na yi da farko shi ne tsallake lamba don gaggawa, sai da na zo ƙarshe na ga zanen 400 yana nan a ƙarƙashin sheƙin, dole na koma baya. Bayan 2000 robar za ta yi sumul amma ba ƙyalli, sai ka bi ta da man goge roba ko na goge fitilar mota da tsumma mai laushi. Idan da injin gogewa za ka yi, ka sa shi a hankali, domin PP tana saurin ɗaukar zafi ta yi dameji. Wurin da yake da sitika kada reza ko samfefa ta je.

Gaskiyar da zan gaya maka ita ce ba zai koma kamar ranar da ya fito daga masana'anta ba, domin wancan sheƙin daga santsin ƙarfen da aka zuba robar a ciki ya samo asali. Amma daga taku biyu ba mai ganewa.

Game da abin da ake shafawa bayan wanki, a nan an fi amfani da man feshi na silikon, irin su Maxima SC1 ko Silicon Shine na Muc-Off. Yana ƙara ƙyalli, kuma idan aka fesa shi a cikin madigadi taɓo ba ya kamawa sosai, wanda zai amfane ka da damina. Sai dai taɓo ne matsalarmu a nan, ku kuwa ƙura ce, don haka ka shafa kaɗan ka goge shi har sai yatsa bai ji danshi ba, in ba haka ba zai zama kamar baƙin man da kake gudu. Idan ka samu wanda aka rubuta yana kare roba daga UV, kamar 303, shi ya fi dacewa da ranarku. Man feshin WD-40 kuwa ka bar shi ga ƙarfe da cire gam ɗin tsohuwar sitika.

Ƙaramin Ɗalibi:

Ranku ya daɗe, ni DT125 na gada daga mahaifina, robarsa ta koɗe sosai. Me zai hana in kai wa mai fenti ya fesa mata sabon launi a huta?

Alhaji Mai Kayan Gyara:

Ɗana, kuɗinka za ka zubar. Fenti ba ya kama PP yadda yake kama ƙarfe, jikinta yana ƙin duk abin da aka ɗora mata, shi ya sa ko gam mai ƙarfi ba ya riƙe ta idan ta tsage, sai dai a ɗinke ta ko a yi mata walda da ɓallin roba irinta. Akwai wani share fage na musamman da ake fesawa kafin fenti, amma ko da shi, madigadi abu ne mai rawa da lanƙwasa, duwatsu suna dukansa, cikin 'yan watanni za ka ga fentin yana ɓarewa kamar ɓawon ƙwai. Kuma ku yi hankali da tina da man birki, domin PP tana iya jure su na ɗan lokaci, amma ABS da fenti da sitika nan take suke lalata su.

Ni mai sayarwa ne, amma ba zan ce kowa ya sayi sabo ba. Ka lanƙwasa bakin robar kaɗan da yatsa. Idan ta ba da kai ta dawo, da sauran ranta, ka bi hanyar Baban Amira. Idan ka ji tana ƙas-ƙas ko ka ga tsaga tana buɗewa, ruɓar ta shige ciki, samfefa ba za ta cece ta ba. Idan ka zo saye, ka duba haruffan da Malamin Kimiyya ya ambata a ciki. Kamfanoni irin su Acerbis da UFO na Italiya da Polisport na Fotugal sun shahara da robar baburan tsere, amma a kasuwarmu akwai masu arha da yawa da babu wani tambari a jikinsu, wasu da roba mai tauri aka yi su, faɗuwa ɗaya su dare. Wata dabara da na koya ita ce, idan kana da ɓallin tsohuwar roba kana so ka san irinta, ka jefa shi a bokitin ruwa: PP tana tasowa sama, ABS tana nutsewa.

Mai Wankin Babura:

Na gode, Baba, na gode Hajiya. Na sayi soson katifa da safar hannu ta roba, kuma na ware bokiti na biyu. Baƙin man ne ban san yadda zan yi da masu nace wa sai an shafa musu ba, amma na fara gaya musu labarin birkin nan, kuma mutum uku cikin waɗanda suka zo jiya sun ce a bar shi.

Malamin Gona:

Assalamu alaikum. Na dawo bayan mako uku domin in ba da bayanin abin da ya faru, tare da godiya ga duk wanda ya sa baki. Na kwance madigadin gaba na tarar da PP a cikinsa kamar yadda Malamin Kimiyya ya ce. Na lanƙwasa bakinsa ya dawo, sai na zauna a zaure ranar Asabar da reza da samfefa. Garin da ya zuba a kan tabarma ya kusa cika tafin hannu, fari da ɗan ja-ja, kuma da na kankare tsiri na farko na ga jan nan na asali a ƙarƙashi, sai da na kira ɗana ya zo ya gani. Ban samu 1500 a garinmu ba, sai da na aika Kano aka sayo mini, shi ya sa aikin ya kai mako na biyu. Gaba ɗaya ya ci mini kamar awa biyar. A wuri ɗaya kusa da ƙusoshi na danna rezar fiye da kima ta bar ɗan rami wanda har yanzu ana gani.

Robobin gefen tanki ban taɓa su da samfefa ba saboda sitika, man goge fitila kawai na bi su da shi, zanen ya ragu amma bai tafi ba. Na daina gogewar safe, na huda gora kamar yadda ɗan uwanmu na Agadas ya koyar, kuma na kafa 'yar rumfar zana a bayan ofis, domin na lura a da babur ɗin yana wuni a rana tun daga ƙarfe goma har la'asar duk ranar da ban fita ba.

Madigadin baya kuwa na kai wa wani bakanike dattijo ya bi shi da na'urar zafi bayan mun kwance shi, kamar yadda Usta ya ce, kuma cikin minti kaɗan ya yi ja. A yau idan ka tsaya a gefe, na bayan ya ɗan fi na gaban ƙyalli, na gaban kuma ya fi sumul a hannu. Na ɗauki hotonsu duka biyu a wuri ɗaya da ƙarfe takwas na safe. Hunturu ya kusa shigowa, kuma babur ɗaya ne, rana ɗaya da ƙura ɗaya za su sha, saboda haka in Allah ya kai mu watan Maris zan sake ɗaukar su a wannan wurin da wannan lokacin in ɗora a nan, Usta da Malam su duba.